Zailani, Wanda Barkarmu Ta Rufe Saƙonsa

Zailani ya rasu. Malam Zailani Umar Faruƙ, ɗalibin jami'ar nan da muke kira Dakta tun bai zama ba, Allah ya karɓi abinsa ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga Oktoba, 2024, cikin watan Rabi'u Sani, a ɗakinsa na haya da ke unguwar Dengfeng, nan Guangzhou ta ƙasar Sin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko ranar ma ba mu muka sani ba, likita ne ya ƙiyasta mana ita, domin babu kowa a wurinsa, kuma sai ranar Alhamis aka buɗe ƙofar.

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na nan da na gida. Sallamar ta zo a baya, ku yi mini afuwa. Labarin ne ya riga ta fitowa. Ga wanda bai san ni ba, sunana Ilu Abdulmumini, takalma nake saye a kasuwar Zhanxi ina aikawa Ƙofar Wambai a Kano. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya san dalili. Ina wannan rubutu ne Zailani bai shiga makwancinsa ba tukuna. Yana kwance a ɗakin sanyi na ajiye gawa, yana jiran wanka da salla da kabari, mutanen da za su yi masa waɗannan kuwa kullum raguwa suke yi, jirgi yana kwashe su zuwa gida.

Zailani, a asibiti na fara saninka. Ƙafata ta kumbura, na tsaya gaban likita ba abin da na iya na yarensu sai "lawban" da "meyo", wato maigida da babu, kalmomin ciniki, ga shi likita ba takalmi yake sayarwa ba. Wani ya ba ni lambarka. Ka baro jami'a ka zo da jakarka a baya, ba ka san ni ba, ka zauna da ni har aka gama, ka rubuta mini yadda zan sha maganin da Hausa a jikin kwalin, da manyan baƙaƙe, ba tare da ka tambaye ni ko karatuna yana da sauri ba. A jirgin ƙasa muna komawa na tambaye ka abin da kake karantawa, ina zaton za ka ce likitanci ko injiniya kamar sauran yaranmu. Ka ce digiri na uku kake yi a nazarin kafofin yaɗa labarai, kuma bincikenka a kan finafinan 'yan sanda masu dogon zango ne, na gidajen talabijin ɗin Sikandinebiya. Na ce ina ne kuma nan? Ka ce Suwidin da Norwe da Denmak, can ƙuryar arewacin Turai. Na ce wato ka baro Katsina, ka ƙetare duniya ka zo Sin, don ka kalli fim ɗin Turawan ƙanƙara? Ka yi dariya har sai da ka riƙe ƙarfen jirgin, sannan ka ce:

"Baba Alhaji, ba fim ɗin nake kallo ba. Masu kallonsa nake kallo. Kuma irinku nake nema."

Haka zaman Alhamis ya samo asali. Hajiya Fasuma, mutuniyar Maraɗi mai gidan abinci a Dengfeng, ta ba mu ɗakin da ke saman shagonta. Bayan la'asar mukan taru, 'yan kasuwa ne yawanci, da ɗalibi ɗaya ko biyu. Ka kunna kashi guda na fim, ka rage murya, ka riƙa fassara mana da baki. Kana yin muryar tsohuwa, kana yin ta ɗan sanda, har ta kare ba ka bari. Da yawa daga cikinmu tuwon Hajiya ne ya fara kawo su, amma daga baya mutum yakan baro kwantenarsa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ana lodi ya taho, don kada a gano mai kisan ba ya nan. Abin da ya fi ba mu haushi da kai shi ne rimot ɗin nan. Daidai inda za a buɗe ƙofa, ko inda mai laifi zai juyo da fuskarsa, sai ka tsayar da hoton ka juyo ka dube mu, ka ce to, me kuka gani?

A nan na koyi abin da ban taɓa zaton karatu ba ne. Ka ce mana mai shirya fim kamar mai kaya ne da ya sa farashi, ya cusa saƙonsa a ciki ya aiko, amma ciniki bai faɗa ba sai mai kallo ya yi magana. Wani mai kallon yakan biya yadda aka faɗa masa, ya haɗiye saƙon duka. Wani yakan yi tayi, ya karɓi rabi ya mayar da rabi. Wani kuwa ya juya kayan ya duba ɗinkin, ya ajiye ya yi gaba. Ka ce malamanku sun daɗe da rubuta wannan, abin da ba su sani ba shi ne irin tayin da ɗan kasuwar Kano zai yi idan aka ajiye masa kayan Denmak a tsakiyar ƙasar Sin. Mu kuwa tayi sana'armu ce, ba mu taɓa barin kashi ɗaya ya wuce a farashin farko ba.

Ka nuna mana yadda ake rage launi da gangan, sama toka-toka, teku toka-toka, har fuskar mutane, don zuciyar mai kallo ta yi sanyi tun kafin a nuna masa gawa. Ka sa muka lura cewa sau da yawa wanda ake fara zargi baƙo ne, mai ɗan shago a kusurwa, mai gemu irin namu, daga baya a wanke shi. Muka yi gardama sosai a kan wannan. Wasu suka ce ai adalci aka yi masa tunda an wanke shi. Kai ka ce mu tambayi kanmu wace fuska ce ta fi daɗewa a idon mai kallo tana sanye da zargi. Wannan ba sai an yi wa mazaunin Dengfeng dogon bayani ba, kowa ya gane. Amma abin da ka fi nanatawa shi ne maganar kyamara. Ka ce duk lokacin da ta fuskanci wani, to ta juya wa wani baya, kuma mai kallo na ƙwarai shi ne mai tambayar wa aka bari a wajen hoton.

Akwai wani kashi da ba zan manta ba. An sami wani tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa na bene, rediyonsa yana ta magana, ba wanda ya sani sai da wasiƙu suka cika bakin ƙofa. 'Yar sandan da ke binciken, wata doguwar mata wadda ba ta gaida kowa, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya buɗe ƙofarsa rabi, ya ce mutum ne mai shiru, ba ya shiga harkar kowa, ya rufe. Ka tsayar da hoton a kan fuskar wani maƙwabci. Ka ce masu irin wannan fim ba mai wuƙa kaɗai suke tuhuma ba, ƙasarsu suke tuhuma, ƙasar da hukuma ta ɗauke wa kowa nauyin kowa har maƙwabci ya huta da ƙwanƙwasa ƙofa.

Ranar mun ci kasuwarmu. Abdulgafar, mai yi mana lodin kaya a Huangpu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya miƙe da cokali a hannu ya ce:

"Dakta, rubuta ka ajiye. A Hausa ko akuyarka ce ba ta fito kiwo ba, maƙwabci zai leƙo ya ce lafiya? Waɗannan kuɗi ne da su, mutane ne meyo."

Aka bushe da dariya. Ni kuma na sake yin tambayar da na saba yi a kowane kashi, har kuka mayar da ita abin tsokanata: to yaushe za a binne shi? Domin ni abin da ke hana ni sakewa ke nan. A jawo gawa daga aljihun ƙarfe, a buɗe, a duba, a mayar, mako ya zagayo a sake jawowa. Ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya zauna da uwar mamaci. Ɗan sanda ya faɗa mata a tsaye a bakin ƙofa ya tafi ya bar ta da kofin shayi. Ka ce mini tambayata ta ba ka babi guda a littafinka. Ka ce Bature da Basine suna jiran a kama mai kisa, mu kuwa jira muke a ba mamaci haƙƙinsa, kuma a wurinmu labari bai ƙare ba sai an mayar da ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai, na koma masauki ina jin kaina malami. Ka ƙara da wata magana a hankali, kana naɗe wayar na'urarka, cewa kallon laifin wasu daga kan kujera yana da daɗi, shi ya sa irin finafinan nan suke sayuwa a duniya. Ban tsaya a kanta ba a lokacin, tuwo ya iso.

Yanzu sai in faɗi abin da ya faru ranar Litinin, yadda ya faru.

'Yata Na'ima ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Wanda bai zauna da irin wannan jira a gidansa ba bai san nauyinsa ba. Na kai shekarun da sa'o'ina jikokinsu suna aiken su kasuwa, ni ko ɗaya ba ni da shi. Ranar Litinin da hantsi ina Zhanxi, ana tsakiyar babban baje kolin nan na Kanton da kowa ba ya jin kira, ina riƙe da samfurin takalmi, sai ga wayar mai ɗakina Hasiya daga Kano, can asuba ba ta yi ba. Na'ima ta sauka, mace, uwa da 'ya lafiya. Na rungume lawban ɗin shagon, mutumin da ban taɓa ko ba shi hannu ba. Na fito ban san inda na ajiye takalmin ba. Na buɗe zaurenmu na WeChat, inda duk Hausawan da muka sani a garin nan suke, na danna na yi magana da ƙarfi kamar mai shela, na tura hoton jaririya, na sake turawa, na sake.

Ban duba abin da ke sama ba. Daf da muryata akwai saƙonka, Zailani. Ka rubuta: "Salamu alaikum. Akwai wanda ke kusa da Dengfeng? Ƙirjina ya riƙe, da wani zai leƙo ni."

Kun san al'adarmu. Ba a ganin haihuwa a wuce. Babba ya yi jika, dole kowa ya ce barka, kuma ba wanda zai yarda a ce na wani ya fi nasa tsawo. Na Kano suka yi, na Zinder suka yi, na Kumasi suka yi, wannan da murya, wannan da rubutu, wancan da hoton fure. Allah ya raya, Allah ya sa mahaddaciya ce, Allah ya kawo ƙanne. Ina amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa tana ƙara tura saƙonka sama, har ya ɓace. Mutum biyu ko uku sun ce mini daga baya sun gan shi a lokacin, kuma sun yi niyyar kira. Abin da ya kwantar musu da hankali shi ne kai ma ka shigo cikin masu barka. Ka rubuta: "Barka, Baba Alhaji. Allah ya raya mana amaryarka." Suka ce ashe ya warware.

Ba ka warware ba. Kara ka yi mini. Ka ga dattijo yana cikin farin cikin da ya jira shekara da shekaru, ka ji nauyin ka sake cewa ƙirjinka ya riƙe a tsakiyar masu addu'a. Na san ka, na san haka ne. Ni kuwa na amsa maka da wasa, na ce ka shirya, ranar Alhamis ba fim, walima ce.

Da yamma na sayi dabino da alewa na bi Dengfeng shago-shago, masu waya, masu canji, masu aski, har 'yan ƙasar da ba su san abin da nake murna da shi ba sai da na cika musu hannu. Na bi ta ƙarƙashin benenka. Na ɗaga kai na ga tagarka a buɗe. Na tuna matakalar nan taku mai tsawo, na tuna gwiwata, na ce rabonka yana nan, Alhamis ba nisa.

Ranar Alhamis muka taru, Hajiya Fasuma ta yi dambun nama da masa saboda ni. Ba ka zo ba, kai da kake riga kowa don ka haɗa waya. Aka yi ta tsokana, aka ce Dakta ya yi fushi an hana shi rimot. Abdulgafar ya kira, waya a kashe. Hajiya ce ta hawo wurinmu da faranti a hannu ta tambaya wa ya gan ka tun Litinin, domin ba ka aiko a ɗebar maka abinci ba. Muka dubi juna. Wani ɗalibi ya fara jan zauren WeChat sama da yatsa, yana wuce barka, yana wuce barka, har ya tsaya. Ya miƙo mini wayar. Karatuna ba shi da sauri, amma wannan sau ɗaya na karanta shi.

Mai gidan hayar ce ta buɗe mana da makullinta. Ba zan faɗi abin da ba shi da amfani ba. Kana kan dardumarka, ka jingina da gado, wayarka a gefe. Likita ya ce zuciya ce.

'Yan sanda suka zo, suka yi aikinsu cikin natsuwa, ba wanda suka ci wa fuska. Wata matashiya daga cikinsu ta tsayar da ni a bakin matakala, tana magana a waya wayar tana juya mini zuwa Turanci, Abdulgafar yana mayar mini Hausa. Ta tambaye ni yaushe rabona da kai. Ta tambaya ko ka yi ƙorafin ciwo. Ta tambaya wane irin mutum ne kai. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa mutum ne mai shiru, ba ya son damun kowa. Abdulgafar bai fassara ba. Ya dube ni, na dube shi, ya juya ya fuskanci bango. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, kuma zan faɗe shi don ba ka saba jin ƙarya daga gare ni ba. Farin cikin bai tafi ba. Na yi zaton baƙin ciki zai kore shi, ya ƙi. Ina zaune a ofishin da ake bin takardunka, an ce mu jira, sai waya ta yi motsi, ga hoton yarinyar ta dunƙule hannu ta yi hamma, in ji bakina ya washe da kansa. In ɗago in ga ɗaliban da suka rako ni suna kallona, in kife wayar a cinya. An sa mata suna Saffana. Da namiji ne da na roƙi ubansa ya sa masa sunanka, in sami abin da zan rufe fuskata da shi. Allah bai ba ni wannan mafakar ba, kuma ina ganin daidai ne.

Rasuwar baƙo a ƙasar nan ba ta gaggawa ba ce. Akwai takardar 'yan sanda, akwai ta likita, akwai ta ofishin jakadancinmu, akwai amincewar iyali da za a aiko daga gida a fassara a buga hatimi. Kowa yana aikinsa bisa ƙa'ida, ba ni da wanda zan zarga. Amma duk ranar da aka ce mu dawo, sai in tuna inda kake kwance, da irin aljihun da aka sa ka, in ji tambayar nan tawa ta dawo mini, ba kuma wanda zan yi wa ita. Ana cikin haka baje koli ya fara watsewa. Wanda ya zo da biza ta ɗan lokaci dole ya tafi. Kullum sai wani ya zo ya riƙe hannuna ya ce Alhaji, wallahi jirgina gobe ne, a yi mini afuwa wurin Dakta. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Ni ma tikitina yana aljihu, na ranar da za ta kai ni Kano kafin suna, kuma Allah ya sani na ciro shi na duba ba sau ɗaya ba.

Malamar da ke duba bincikenka ta zo har gidan abincin Hajiya Fasuma, dattijuwa, ta cire tabarau ta sunkuyar da kai gabanmu. Ta bakin wani ɗalibi ta ce babin da ka rubuta a kanmu ka gama shi, kuma shi ne mafi kyau a littafin. Ta ce ka yabe mu a ciki, ka ce ka sami masu kallon da suka san haƙƙin maƙwabci da haƙƙin mamaci, har ta ji tana son ta san mu. Ta yi mana godiya. Ba wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu. Hajiya ce ta cece mu, ta kawo mata shayi.

Ni aka ɗora wa kiran mahaifiyarka, Hajiya Lauratu, saboda ni ne babba. Na shirya amsar yadda ka rasu, na shirya in gaya mata maganar saƙon ba tare da na rage komai ba, kuma na gaya mata. Ta saurara har na gama. Ta ce kwana ne ya ƙare, ko likita na riƙe da hannunka sai ka tafi. Aka yi shawarar kawo ka gida, ta ce a'a, ka jira da yawa, ƙasa duk ta Allah ce, a binne ka inda ka faɗi. Sannan ta tambaye ni abin da ban shirya masa ba:

"Alhaji, wa zai yi masa wanka?"

Na ce ni ne, Hajiya. Na yi wa mahaifina, na yi wa yayyena biyu, na san yadda ake yi.

Ta ce: "To na bar maka shi. Ni ban san wurin ba, kuma ba zan taɓa saninsa ba."

Da na ajiye wayar na je na ɗaga tikitina. Suna a waya na gan shi, ana ɗaga mini yarinyar gaban gilashi ina kiran ta amarya, tana barcinta ba ta san ina yi ba. Da takardu suka ƙara jinkiri na sake ɗagawa. Hasiya ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiyarta. Ta ce a haka yarinya za ta fara zama kafin ta ga angon nata, ta ce garin cike yake da Musulmi, ba ni kaɗai na iya wanka ba. Na'ima ta yi kuka, ta ce ta so in riƙe ta tun tana ɗanyen goyo. Na ce musu na yi wa wata uwa alkawari. Ba na ƙirga wannan cikin abin kirki da na yi maka, Zailani. Matakala ce ban hau ba ranar da take da amfani, yanzu nake hawanta.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka. Ya sa ciwon da ka ji kai kaɗai ya zama kaffara, ya rubuta maka ladan wanda ya rasu a baƙunta yana neman ilimi. Duk ƙofar asibitin da ka tsaya domin wani, duk takardar da ka karanta wa wanda bai iya ba ba tare da ka sa ya ji kunya ba, Allah ya sa ka tarar da su a mizani. Ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Mu kuma ya yafe mana, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukan 'yan zaman Alhamis, ga Hajiya Lauratu, ga mai ɗakinka Ramlatu, ga 'ya'yanka Ikram da Sha'aban, da 'yan'uwa na Katsina baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya tsaya wa marayu, ya sa su gaji halin ubansu. Ramlatu, 'yata, littafin mijinki ba zai ɓace ba, malamarsa ta yi alkawarin aiko miki da shi. Idan yaran suka girma suka karanta inda ya yabe mu, ki haɗa musu da wannan rubutun.

Jiya da yamma takarda ta ƙarshe ta fito. An ba mu izinin binne shi a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Zan yi masa wanka ranar Juma'a da safe in Allah ya kai mu, Abdulgafar ne zai zuba mini ruwa, shi ya roƙa. Bayan an sauko daga masallaci mota za ta tsaya a ƙofar gidan abincin Hajiya Fasuma. Wanda ke Zhanxi ya rufe cinikinsa, wanda ke Huangpu ya bar wa lawban lodin, ɗalibai ku nemi izini a jami'a. Kada wanda ya aiko mini da addu'a a waya ya ɗauka ya fita, na ga abin da waya take yi. Ƙafarku nake so.

Wurin yana da nisa, hanyarsa tana da kwana-kwana, rubutun da ke jikin kaburburan kuma ba namu ba ne. Uwarsa ba za ta zo ba, 'ya'yansa ƙanana ne, ni kuma tsoho ne, bayan wannan zan tafi wurin Saffana, ban san ko zan sake dawowa ba. Idan ni kaɗai da Abdulgafar muka san inda yake, to ya sake zama shi kaɗai. Ku zo dukanku ku ga inda za mu kwantar da shi, ku gan shi da idonku, ku riƙe hanyar.

Ilu Abdulmumini
Dengfeng, Guangzhou